Jegon Rahina a Bakin Gidan Wuta

Tun ranar da na sauka daga mota a Kumasi bakina bai huta ba. A wajen famfo tambaya, a gidan suna tambaya, har mai niƙan bayan masallacinmu na Alabar ya kashe injinsa don ya ji da kyau. Abu biyu kowa ke so: yaya Afirka ta Kudu take, kuma me ya sa na ce arba'in kawai zan yi in dawo amma aka daɗe ana ɗumama mini tuwo ban zo ba. Wasu har sun fara cewa miji na samu a can. To ga shi na zauna na rubuta, kowa ya karanta, a bar ni in sha kokona da zafinsa.

Ku da kuka san ni kun san ba na tafiya. Adum ma da ke tsakiyar garin nan sai in yi wata ban leƙa ba. Anloga sau ɗaya na je, sayen katakon gado, na dawo da ciwon kai. Abin da ya fitar da ni autata ce, Rahina. Ta yi karatu har ta wuce inda nake iya bin labarin, ta tafi can da mijinta Razak tana neman digirin dakta a kan hayaƙin kwal. Shekaru tana haɗa wani abu da za a gwada a wani babban gidan wutar lantarki, kuma a wannan gwajin digirin nata ya rataya. Ana cikin haka ta haihu, haihuwar fari, namiji. A al'ada gida za ta zo wanka. Tunda ba ta samu zuwa ba, dole wanka ya je ya same ta.

Ana gobe zan tashi sai ga Hajiya Memuna, uwar Razak, ta shigo tana dogara sanda. Da ba don gwiwa ba da ita za ta je, kuma ba ta yafe wa gwiwar ba har yau. Ta zauna, ta ƙi ruwa, ta ce:

"Asana, amana na zo ba ki. Kwana arba'in, in ba asibiti ba, ƙafarta kar ta taka waje. Wanka safe da yamma, kunun kanwa, ƙauri. Yaran yanzu in an bar su, su haihu yau, gobe ki gan su a trotro, motar haya."

Na ce, "Hajiya, 'yata ce fa."

Ta ce, "Jikana ne. Kullum bayan la'asar zan kira a bidiyo in gani da idona."

Na ɗauki amana da zuciya ɗaya, don Rahina ta riga ta gaya mini ranar gwajin tana can bayan arba'in da nisa.

Motar Ankara, babban birninmu inda zan hau jirgi, ta fara koya mini sanyi. Direba ya buɗe iyakwandishan kamar nama ya ɗauko. Wani mai tallar magani ya miƙe tun kafin mu bar gari, yana zuba Twi, yaren Asantawa, wai kwalba ɗaya tana maganin basir da mantuwa da mugun mafarki. Na so in saya saboda tsoron jirgi, ya ce wannan ma tana yi. A Nkawkaw na sayi burodi, na rungume shi har filin jirgi kamar ɗan goye.

Jirgi kuwa, Allah Ya saka wa wani Ba'asante da ya zauna kusa da ni. Da abin ya fara gudu na damƙi hannunsa ina salati, shi kuma yana kiran Yesu, muka tashi sama kowa da nasa. Sai da muka daidaita ya ce, "Maame, in kin gama da hannun ina so in ci abinci." Abincin ma, duka da ɗan cokalinsa, bai kai abin da nake ɗanɗanawa ba in ji gishiri. Burodin Nkawkaw ne ya rufa mana asiri mu biyu. Bayan gidansu babu buta, amma ni da tawa na shiga, ma'aikaciyar jirgin tana kallona ina kallonta.

A iyakarsu ba mutum ne ya kama ni ba, kare ne. Wani ɗan guntu mai dogayen kunnuwa, sanye da riga kamar ɗan kwana-kwana. Ya wuce jakunkunan Turawa bai ko kalla ba, ya zo gaban tawa ya zauna kamar wanda aka gayyata walima. Ni tsoron kar ya lashi zanena ya fi mini tsoron kamun. Wata jami'a ta buɗe jaka: busasshen ganyen darbejiya na wanka, kifi, daddawa, yaji, man kaɗe, garin gero, da kanwa. Da ta kwance ƙullin daddawa sai ta ja baya har ta taka karen. Da ta ga kanwa ta kira wani, wancan ya kira wani, suka kewaye ta suna juyawa da bakin biro. Turancina na kasuwa ne, bai kai nan ba. Sai na gutsuri kanwar na tauna a gabansu, fuskata ta yi abin da kanwa ke sa fuska ta yi, sannan na rungume iska ina jijjigawa kamar jariri, na nuna nono, na nuna shan kunu. Jami'ar ta fashe da dariya ta ce, "Gogo!" A can duk kaka Gogo ce. Suka bar mini kanwa da man kaɗe da yaji da garin gero, suka ƙwace ganye da kifi da daddawa. Har yau ina zargin karen ne ya ci kifin.

Razak ya tarbe ni da rigar sanyi a hannu. Ashe lokacin da mu muke damina su hunturu suke, sanyin da ke shiga haƙori. Muka miƙi hanya gabas. Ba daji, ba tsauni, ba mai tallar ayaba, sai manyan motoci cike da baƙin dutse, ɗaya na bin ɗaya. Can sai na hango wasu gine-gine kamar turame, kowane zai iya haɗiye kasuwar Alabar, farin tururi na fita a kansu. Na ce, "Wa ke daka a nan?" Ya ce, "Mma, gidan wutar ke nan. Kwal suke ƙonawa su dafa ruwa, tururin ya juya inji." Ranar da na iso garin da ake dafa wutar, ranar aka ɗauke ta. Na ce ashe dumso, ɗauke wutar nan tamu ta Ghana, ma yana da 'yan'uwa a waje.

Rahina na same ta da wandon barci da kai a buɗe, tana riƙe da jariri a hannu ɗaya, ɗaya hannun a kan kwamfuta. Sai da na fara ganin yaron, Isiyaku, sunan marigayi maigidana, na yi kukana na share. Sannan na rufe kwamfutar, na ɗaura mata ɗankwali, na toshe mata kunne da auduga. Jego ya fara.

Gidajensu kowa da katanga da waya mai wuta a sama, ka kwana ka tashi ba wanda zai ce maka ina gajiya. A Zongo in maƙwabciya ba ta ji motsinka ba zuwa hantsi sai ta turo ƙofa. Ni na kasa. Na zuba waakye, shinkafa da wakenmu, a kwano na kai wa wata tsohuwar Baturiya da ke kusa da mu. Ta karɓa ta tsakanin ƙarfen ƙofa kamar na kawo mata sammaci. Washegari sai ga kwanona ya dawo cike da wani busasshen burodi mai tauri kamar katakon Anloga. Na kusa barin haƙori a ciki kafin Razak ya ce a shayi ake tsomawa. Tuwonsu na masara ne, fari tas, mai kyau paa, amma babu miya, sai ɗan tumatir da nama. Kuma maza ne ke gasa naman, su tsaya su huɗu a kan wuta ɗaya suna ba juna shawara. Ƙafar saniya ta ƙauri a wurin wani mahauci Ba'indiye Musulmi muka samu, mutumin kirki, kullum sai ya ƙara mini ƙashi.

Wanka kuwa sai da dabara. Ba murhu, ba tukunya, ruwan zafi daga bango yake fitowa. Madadin darbejiya na sa Razak ya karyo mini ganyen bishiyar turare a bakin hanya, yana yi yana waige-waige. Madadin gadon gashi suna da bargo mai igiyar lantarki, wanda in gaskiya za a bi ya fi namu, amma kar ku gaya wa Hajiya. Ranar da na kunna turaren wuta wani abu a rufin ɗaki ya kama ihu, yaro ya kama nasa, Baturiya ta fito da wayarta a hannu. Daga ranar a bakin taga nake turare, kamar mai shan taba a ɓoye. Bayan kowace la'asar Hajiya ta kira, ta duba kunne, ta duba safa, ta sa a nuna mata gindin kofin kunu.

Mun wuce rabi lafiya sai aka bugo wa Rahina. Gidan wuta sun matso da gyaran da za su yi, kuma a lokacin gyaran ne kaɗai suke buɗe bututun da za a jona abinta. Ranar ta faɗo cikin arba'in. Izinin da sunanta aka bayar, ita za ta tsaya a kai ranar farko. In ta wuce, sai wani gyaran, wanda ba wanda ya san ranarsa.

Ta ce, "Mma, yini ɗaya ne. Nas ta ce lafiyata ƙalau, in dai ban ɗauki kaya ba."

Na ce, "Nas ce ta haife ki?"

"Mma, shekaruna ne fa a ciki."

"Ni ma amana ce a wuyana. Ko ƙofar gida ba ki leƙawa."

Don in tabbatar, na ɗauke takalman aikinta, wasu ƙatti masu ƙarfe a baki, na tura su cikin buhun shinkafa. Razak ya ce bari ya roƙi Hajiya. Na ce bismillah. Ya ɗauki waya, ya kalle ta, ya ajiye, ya ce bari ya duba mota.

Washegari da hantsi ina shafa wa Isiyaku man kaɗe, na ji ta a ɗaki tana waya da malaminta. Kalmomin ban kama ba, amma ni kunnena ba kalma kaɗai yake ji ba. Muryar na gane. Ba kuka, ba fushi, a kwance, irin ta wanda ke naɗe tabarma. Sau ɗaya na taɓa jin wannan muryar a gidana.

Matasa ba su san maigidana ba. Maƙerin zinariya ne a Alabar, hannunsa har Asantawa masu sarauta sun san shi. 'Yan galamse, masu haƙar zinariya ta bayan fage, kan kawo masa zinariya cuɗe da zaiba, ya ƙona a ɗan ɗakinsa mara taga har zaibar ta tashi ta bar zinariya. Shekara da shekaru. Daga baya hannun ya fara rawa. Ya kasa zura sarƙa, ya kasa rubuta sunansa, har ta kai ni ke riƙe masa kofin shayi. Likita ya ce tururin zaibar ne. Ranar da ya tattara awartakinsa ya miƙa wa ƙaninsa, ya ce, "Shi ke nan, ba komai." Da wannan muryar. Rahina tana 'yar makaranta a lokacin, tana tsaye a bakin ƙofa.

Da ta fito na ce, "Auta, zauna. Wannan abin naki, me yake yi ne? Ki faɗa mini da Hausa, ba da ta makaranta ba."

Ta ɗauko wani abu daga kan kabad, sabo fil a cikin leda, kamar guntun bulo amma duk ƙananan ramuka kamar saƙar zuma. Ta ce sunansa katalis.

"Mma, kwal ba gawayinmu na itace ba ne, dutse ne daga ƙasa. A cikinsa akwai zaiba, 'yar mitsitsiya. Amma kin ga motocin da ke shiga kullum. In an ƙona, sai ta zama tururi ta bi hayaƙi."

Na ce, "Zaiba irin ta Babanki?"

"Ita ce."

"Ba a tace hayaƙin?"

"Ana kama toka. Wasu wuraren har wanka ake yi wa hayaƙin, a fesa masa ruwa kafin ya fita. Amma zaiba in tana ita kaɗai ruwa ba ya kama ta. Kin ga yadda ruwa ke gangarewa a kan kontomire, ganyen gwaza? Haka suke. Sai ta haye sama, iska ta kai ta nesa, ta sauko da ruwan sama, ta shiga kogi, ta shiga kifi. Mai ciki ta ci, ta ba na cikinta."

Na kalli Isiyaku, yana ta sheƙi da mai, yana tsotsar hannu.

Ta ce, "Amma a cikin hayaƙin akwai wani sinadari, kulorin. In zaiba ta haɗu da shi sai ta canza hali, ruwa ya narkar da ita, a kama ta. Matsalar, hanya ɗaya suke bi amma ba sa kula juna. To in hayaƙi ya ratsa ramukan nan, a nan ake haɗa su."

"Kamar kanwa a waakye, ta sa wake ya nuna da wuri?"

"Kusan. Sai dai kanwa narkewa take ta bi tukunya. Shi wannan yana nan zaune. Ya haɗa waɗannan su wuce, wasu su zo ya haɗa."

Na ce, "To ki ce Mma Lariba ce kawai."

Mma Lariba ita ce ta layinmu, wadda rabin ma'auratan Alabar a kan bencinta suka fara gaisawa, kuma har yau tana kan bencin. Rahina ta yi dariya har ta riƙe ciki, dariyar farko tun da aka bugo wayar. Ta ce katalis ɗin har gajiya yana yi irin ta Mma Lariba, toka ta toshe shi. Ta ce irinsa da ake da su sai da zafi mai tsanani suke aiki, nata kuwa so take ya yi ko hayaƙi ya ɗan huce. A ɗakin bincike ya yi. Saura a gani ko zai yi da hayaƙin gaske.

Na ci gaba da murza ƙafar yaro. Na tambayi kaina, shin me ake nema da arba'in ɗin nan? Mai jego ta ji ɗumi, ta ci, ta sha, kar ta wahala, kar a bar ta ita kaɗai. Duk waɗannan ana iya ɗaukarsu a mota. Bango huɗu ne kawai ba a iya ɗauka. Na tashi na zura hannu cikin buhun shinkafa.

Na kafa sharuɗɗa. Wanka kafin mu fita. Safa biyu, auduga a kunne. Ba gudu, ba ɗaukar kaya. Yaro ya yi kuka ta wanke hannu ta canza riga ta fito. Kuma kafin la'asar muna gida, a kan gado, kamar ba a yi ba. Ban yi niyyar yi wa Hajiya ƙarya ba. Niyyata kar ta tambaya.

Ranar muka cika motar Razak kamar masu ƙaura: fulas na kunun kanwa, kular ƙauri, barguna, buta, darduma. A ƙofar gidan wuta Rahina ta zo sa takalmi, shinkafa ta zubo a gaban masu gadi. Shugabarsu wata ƙatuwar mace ce, Mama Tandi. Ta kalli shinkafa, ta kalli jariri, ta tambayi kwanansa. Da ta ji, sai ta ɗora hannu a ka ta rufe mu da faɗa da yarensu, wanda ake taɓa harshe a ganɗa yana ƙara. Ban ji ko kalma ɗaya ba amma na gane duka, don abin da Hajiya za ta faɗa ne. Ashe su ma suna killace mai jego. Da ta gama, ta ce jariri ba ya wuce ƙofa, amma ba zai zauna a mota ba tana raye. Ta buɗe mana ɗakinsu na gadi, ta kunna hita, ta kori wani mai gadi daga kujerarsa.

Muka yini ni da ita, Turancinta na aiki, nawa na kasuwa, sauran da hannu. Ta ɗanɗana kunun kanwa ta yi mini kallon tausayi. Ta ɗanɗana ƙauri ta yi hawaye saboda yaji, ta miƙo kwano a ƙara. Ta nuna mini yadda suke goyo da bargo da fil, na nuna mata namu na zane, kowa ta tafi da ra'ayin nata ya fi. Wajen azahar ta bar Razak da yaro, ta kafa mini hular kwano mai ruwan ƙwai a kan ɗankwali, ta kai ni wani dandamali ta nuna mini wani ɗan bututu da aka ciro daga jikin babban, ya shiga wani akwati. Can na hango autata, ƙarama kamar tururuwa, da auduga a kunne, maza suna tsaye suna jiran abin da za ta ce. Hular ta tare mini iska, na ji daɗinta, na manta da ita a kaina.

Sai dai abu ya ƙi. Duk fitowar da Rahina ta yi shayarwa fuskarta a murtuke. Akwai wani layi a allon kwamfuta mai nuna zaibar da ke tserewa, wai sauka ya kamata ya yi, shi kuwa ya tsaya ƙyam. Ta ce wata mahaɗa ce ke shigo da iska mai sanyi, suna nema. Na ce, "Sha kunu." Ta ce, "Mma, ba yunwa ba ce." Na ce, "Ban tambaye ki ba." Ta sha, ta koma. Rana ta karkata. Razak ya kalli agogo ya kalle ni. Na yi la'asar a kan darduma tsakanin kabad da hita, na roƙi Allah abu biyu: layi ya sauka, kuma cajin wayar Hajiya ya ƙare.

Ɗaya aka amsa mini. Ina shafa addu'a sai ga Rahina a guje. Na ce, "Ba gudu na ce ba!" Ta rungume ni tana haki, "Mma, ya sauka! Sun toshe wurin, ya sauka, kuma ya zauna a ƙasa!" Mama Tandi ta rangaɗa guɗa irin tasu, ni na yi irin tamu, Isiyaku ya tsorata ya haɗa da tasa. Ita Rahina cewa take karatunta da wata uku na awo ne suka yi aikin. Ni dai na san abin bai sauka ba sai bayan kofi na uku.

A tsakiyar wannan murna wayata ta yi ƙara.

Ba ku taɓa ganin aiki da sauri irin wannan ba. Mama Tandi ta yafa bargonta a kan allon makullai. Razak ya shige bayan ƙofa, ɗan da aka haifa aka yi wa suna da rago. Rahina ta zauna a lungu, muka lulluɓe ta har wuya, muka ɗora mata yaro. Na danna.

"Salamu alaikum. Ina jikana?" Na nuna. "Rahina, kunne?" Ta nuna auduga. "Kunu?" Na nuna gindin kofi. Hajiya ta gyaɗa kai. Har na fara jin numfashina na dawowa sai ta ce, "Asana, juyo in gan ki, jiya kamar kin rame."

Na juyo.

Ta matso da fuskarta har hancinta ya cika wayar.

"Asana. Yaushe kika fara aikin gini?"

Kafin in taɓa kaina wata motar kwal ta danna hon a bakin taga, Mama Tandi kuma ta kasa haƙuri, ta cusa fuska kusa da tawa tana ɗaga hannu, "Gogo! Gogo!"

Na cire hula na faɗi gaskiya daga farko har ƙarshe, har shinkafar. Na ce, "Hajiya, ta yi wanka, ta sha, ta ci, safarta biyu, ba ta ɗauki ko tsinke ba. Ɗaki ne kawai babu. In laifi ne nawa ne, ni na ciro takalman." Sannan na ce, "Zaiba take kamawa, Hajiya. Irin wadda ta karɓe hannun Malam Isiyaku."

Hajiya ta taɓa 'yan kunnenta. Na san su, shi ya ƙera mata su tun tana amarya. Sai ta dubi Rahina.

"Ta kama?"

Rahina ta ce, "Ta kamu, Hajiya. Saura a ga ko zai jure, amma wannan daga gida zan riƙa dubawa."

"Daga gida. Madalla, tunda kin san hanyarsa. Razak, fito daga bayan ƙofar nan, ina ganin takalminka." Ya fito. "Alhamdu lillahi da ta kamu. Amma arba'in an fasa ta. Gobe kwana ɗaya. Asana, ke kika fasa, ke za ki zauna ki ƙirga."

To kun ji inda na tsaya, ba miji ba ne. Na sake wata arba'in cur a cikin sanyin nan, ni da ko Adum ke yi wa nisa, har na iya tsoma burodin katako a shayi, har Baturiya ta fara aiko kwanonta da kanta ranar waakye. Katalis ya jure, yaro ya yi kumatu, Rahina tana rubuta digirinta da ɗankwali a ka.

Satin da na dawo aka yi suna a gidan Mma Lariba. Ina shiga na tarar mata sun kewaye Hajiya Memuna, ta ajiye sanda tana bayani da hannu biyu: yadda zaiba ke ɓuya a cikin dutse, yadda ruwa ba ya kama ta, yadda surukarta ta tare ta a bututu da ɗanyen jego, Turawa suna tsaye suna kallo.

Wata ta ce, "Hajiya, kuma kika bari ta fita cikin arba'in?"

Ta ce, "Ni na ce a kai ta. Asana ce ma ta so ta hana, har takalmi ta ɓoye." Ta juyo ta gan ni a bakin ƙofa, ko ƙiftawa ba ta yi ba. "Ko ba a buhun shinkafa kika sa su ba?"

Na ce, "A nan na sa su, Hajiya."

Ta matsa ta ba ni wuri a kan tabarma, ta ɓare goro ta miƙo mini babban ɓarin.